Tanki, Tafki, Tassa ko Lulluɓin Ciyawa: Da Wanne Za a Fara a Gandun Haɗin Gwiwa?

Duk lokacin da mutane suka haɗa kai a kan fili ɗaya, da niyyar su zauna a cikinsa su ci abin da yake fitarwa ba tare da sun gajiyar da shi ba, gardamar farko da ke tashi a taronsu ta ruwa ce. Wani ya ce a sayi tankuna. Wani ya ce a kira katafila ta haƙa tafki a huta. Wanda ya kwana yana kallon bidiyo a intanet kuwa dogayen ramuka yake so a yanka filin da su tun daga sama har ƙasa. Kowa da hujjarsa, amma abin da ke cikin asusu da ƙarfin hannun jama'a ba za su ɗauki duka a shekara guda ba.

Tsarin noma mai ɗorewa da ake kira famakalca, wanda Bill Mollison da David Holmgren suka fara tsarawa a Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya a tsakiyar shekarun 1970, yana da ƙa'ida ɗaya game da ruwa: a rage masa gudu, a baza shi, a bar shi ya nutse. Ƙa'idar ba ta faɗi da wane aiki za a fara ba. Wannan sai kun duba filinku da jama'arku.

Lissafi kafin a ɗauki shebur

Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne cif. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, a inda ake samun milimita 600 a shekara, yana karɓar lita 60,000. A cire wanda ya fantsama da na farko da ake zubarwa saboda ƙurar rufi, a ce 48,000 ne za su shiga tanki. Hekta ɗaya ta fili a wannan wurin kuwa lita miliyan 6 ke sauka a kanta.

Ƙasa mai kyau, wadda yashi da laka suka gauraya daidai, tana iya riƙe wajen milimita 150 na ruwan da saiwa za ta sha a cikin zurfin mita ɗaya. A hekta guda lita miliyan ɗaya da rabi ke nan, daidai da tankuna 150 masu cin lita 10,000 kowanne. Ƙasar jigawa mai yashi kuwa ba ta wuce rabin haka ba. Sannan lambun kayan ganye a lokacin zafi yana shan wajen lita 5 a kowane murabba'in mita kullum, wato lambu mai murabba'in mita 100 zai shanye tankin lita 10,000 a kwana 20.

Saboda haka babbar ma'ajiyar ruwan da kuke da ita tana ƙarƙashin ƙafafunku, kuma babu wanda zai sayar muku da ita. Illarta ɗaya: ba a iya buɗe mata famfo a cika bokiti. Zaɓin da ke gabanku shi ne nawa za ku kashe wajen shigar da ruwa cikin ƙasa, nawa kuma wajen ajiye wanda hannu zai iya ɗiba.

Ma'aunan da za a yi hukunci da su

Na farko tsada, kuma iri biyu ce: ta kuɗi da ta gumi. Akwai aikin da ba ya cin kuɗi amma yana cin bayan mutane, kuma jama'ar da yawancinsu dattawa ne ko masu wani aikin a waje ba za su iya biyan wannan ba.

Na biyu daɗewa, tare da tambayar da ake yawan tsallakewa a taro: wa zai riƙa kula da shi? Ranar gayya kowa yana fitowa. Wanke matatar ruwa kowane mako na shekara biyar kuwa ba a yin gayyarsa, kuma kayan da aka ce na kowa ne shi ke fara lalacewa.

Na uku sauƙi: za ku iya da kanku, ko sai an ɗauko gwani? Na huɗu abin da hanyar take yi wa ƙasar kanta, domin akwai mai ba da ruwa ta bar ƙasa yadda ta same ta, har da mai ɓata ta.

Na biyar haɗari, musamman ko kuskuren yana gyaruwa. P. A. Yeomans, wani manomi kuma injiniya a Ostireliya, ya jera abubuwan gona a shekarun 1950 daga mafi wuyar sauyawa zuwa mafi sauƙi: yanayi, sigar fili, ruwa, hanyoyi, bishiyoyi, gine-gine, shinge, sannan ƙasa a ƙarshe. Wanda ya baza ciyawa inda bai dace ba zai kwashe ta da yamma. Wanda ya haƙa tafki inda bai dace ba zai zauna da ramin har jikokinsa.

Kafin duk wannan, a yi gwaji ɗaya a wurare da dama na filin. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a bari ya tsotse, a sake cikawa a duba agogo. Idan ya ƙafe cikin 'yan sa'o'i, ƙasar tana shan ruwa. Idan ya kwana ya wuni yana nan, yumɓu ne ko fako a ƙarƙashi. A kuma fita lokacin da ake tsuga ruwa a ga inda yake bi da inda yake taruwa, a kafa turaku. Babu taswirar da ta kai wannan.

Lulluɓe ƙasa da taki

Ita ce hanyar da ba ta burge kowa a taro, kuma a ganina ita ce ta fi kowace biyan wahalarta. Ɗigon ruwan sama da ya faɗi a kan tsirarar ƙasa yana farfasa ƙwayoyinta, ƙananan su toshe kafofin sama, rana ta fito ta gasa su su zama ɓawo. Ruwa na gaba a kan ɓawon nan zai gudu, ya tafi da ƙasar sama. Idan akwai busasshiyar ciyawa, ganye ko kara a kai, su ke karɓar dukan. A ƙarƙashinsu ƙasa ba ta yin zafi sosai, danshi yana daɗewa, tsutsotsin ƙasa da gara da ƙananan halittu suna huda ta suna jan abincinsu ciki.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa rufe aƙalla kashi 30 cikin 100 na fuskar ƙasa a cikin sharuɗɗan noman da ke kare ƙasa, tare da rage huɗa da juya amfanin gona. A lambu da gindin bishiya kaurin santimita 5 zuwa 10 ya isa, a bar tazara kaɗan daga jikin shukar don kada ta ruɓe.

Ana yawan zuzuta yadda taki ke ƙara wa ƙasa ikon riƙe ruwa. Yana ƙarawa, amma a hankali, kuma a wuri mai zafi ruɓaɓɓen abu yana saurin ƙonewa, sai an yi ta ƙarawa kowace shekara. Babban amfaninsa da ake gani da wuri shi ne ruwa yana samun hanyar shiga, saiwa kuma tana zurfafawa.

Kuɗi kusan babu, gwaninta ba a buƙata. Matsalar ita ce samun kayan. Kaurin santimita 5 a hekta ɗaya tarin da ya kai lita 500,000 ne, kuma abin da za a lulluɓe ƙasa da shi shi ne dabbobi ke so su ci, shi ne kuma ake so a hura wuta da shi. Jama'ar da ba ta zauna ta raba wannan tun farko ba za ta yi rigima a kansa da rani. Mafita ita ce a shuka kayan lulluɓin a cikin filin: layukan bishiyoyi da ciyayi masu jure sara, da dangin wake masu rarrafe waɗanda ke ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Sai dai a inda ruwa ya yi ƙaranci, ɗanyar shukar rufi tana shan ruwan da amfanin gona zai sha, don haka busasshen lulluɓi ya fi. Sauran haɗarin: gobara, mafakar macizai da ɓeraye kusa da ɗakuna, da kuma yayyafi mara ƙarfi da lulluɓi mai kauri ke shanyewa bai kai ƙasa ba. Kada a cuɗa garin katako cikin ƙasa, yana kama naitirojin na wani lokaci. A bar shi a sama.

Tassa, rabin wata da jerin duwatsu

Waɗannan na filin da ya riga ya mutu ne, fakon da ko ciyawa ba ta fitowa. Tassa, wadda ake kira zai a Burkina Faso, ƙaramin rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin 10 zuwa 20. Ana tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a ramin tun da rani, a shuka idan ruwa ya sauka. Gara tana zuwa cin takin, ta huda fakon da ramukanta, ruwa ya bi. Yacouba Sawadogo, manomi a yankin Yatenga, shi ya faɗaɗa tsohuwar dabarar ya ƙara mata taki bayan farin shekarun 1970 da farkon 1980, har ya mayar da fako daji. An ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, ya rasu a 2023.

Rabin wata ya fi girma, faɗinsa mita 2 zuwa 4, bakinsa yana kallon inda ruwa ke gangarowa, ana jera su a karkace yadda wanda ya tsallake na sama zai faɗa na ƙasa. Ya dace da bishiyoyi da ciyawar kiwo. Jerin duwatsu kuwa ana shimfiɗa shi a kan layin da tsayin ƙasa ya zo daidai; ba ya tsayar da ruwa, rage masa gudu yake yi ya tace ƙasa da iri da yake ɗauke da su. Shi ya sa ba ya ɓallewa kamar ganuwar ƙasa. Inda babu dutse, layin ciyawar jema yana yin wannan aikin, kuma saiwarta tana nutsawa ƙasa ne, ba ta bazuwa cikin gona.

Kuɗin bai wuce na diga da taki ba. Gumin ne ba kaɗan ba: hekta ɗaya tana cin ramuka fiye da 10,000, aikin wajen awa 300 na mutum guda, a cikin ƙasa mai tauri, a lokacin zafi. Tassa tana cikewa bayan damina biyu ko uku sai an sake tona ta, duwatsu kuwa suna shekaru da ɗan gyara. Kyawunta ga jama'a shi ne tana rabuwa: kowane gida ya ɗauki yankinsa, a yi kwata bana a ƙara baɗi, kuma rami ɗaya da ya lalace ba ya shafar na kusa da shi. Ba ta da amfani a jigawa mai laushi, domin ramin rushewa yake yi, ruwan ma can dama yana shiga. A wuri mai yawan ruwa kuwa shuka za ta nutse ta ruɓe a ciki.

Dogon rami mai ganuwa

Wannan shi ne tauraron bidiyoyin famakalca, musamman tun bayan da aikin Geoff Lawton, wani malamin famakalca, a busasshen fili kusa da Tekun Gishiri a Jodan ya yi suna. Rami ne mai tsawo da ake haƙawa a gicciye da gangare, gindinsa a kwance daidai daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a tara ƙasar a gefen ƙasa ta zama ganuwa, a dasa bishiyoyi a kanta. Ruwan da ya gangaro ya taru a ciki, ya tsaya, ya nutse.

Idan wurin ya dace, aikinsa yana da kyau ƙwarai. Amma sharuɗɗan suna da yawa, kuma a nan ne ake yawan asara.

Sai an auna. Ruwa ba ya yafe kuskuren santimita kaɗan. Duk zai tattara a inda ya fi kwari ya ci ganuwar a nan. Katako uku da aka haɗa da zare da dutse a rataye, ko dogon tiyo mai haske da ruwa a ciki, sun isa a fitar da layin, amma sai da haƙuri.

Sai an yi lissafin girma. A ce filin da ke sama da ramin murabba'in mita 1,000 ne, aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, rabinsa ya gudu. Lita 25,000 ke nan ke tafe. Ramin mita 50 zai buƙaci faɗin mita ɗaya da zurfin rabin mita kafin ya ɗauke su. Kuma wata rana za a yi ruwan da ya fi wannan, don haka dole a bar mafita mai faɗi, a kwance, wadda aka daɓe da dutse ko ciyawa, a kuma san inda rarar za ta. Ramin da ba shi da mafita zai yi wa kansa ita, kuma ruwan da aka tara wuri ɗaya ya ɓalle ya fi wanda aka bari a baje ɓarna. Kwazazzabo da yawa haka suka fara.

Sai gangaren ya zama mai sauƙi. Inda ƙasa ke sauka fiye da mita 15 a tafiyar mita 100, jiƙa ta da ruwa yana iya sa ta zame gaba ɗaya. Kada kuma a haƙa shi dab da saman gini, ko kusa da masai da rijiya. A yumɓu mai nauyi ruwan zai kwanta. In ya wuce kwana uku bai nutse ba sauro ya samu gida, tunda mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi daga ƙwai zuwa tashi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Dogon rami tsari ne na bishiyoyi. Yana yanka fili gida-gida, ya hana amalanke da garma wucewa, kuma idan ƙasarku tana shan ruwa da kanta, kun yi haƙar banza ne: lulluɓi zai ba ku wannan sakamakon ba tare da kun juya ƙasar sama ta koma ƙasa ba. Da hannu aiki ne mai nauyi, da inji kuɗi ne masu kauri, kuma nauyin injin yana danne ƙasar da ya bi. Idan an yi shi daidai, bishiyoyi suka kama, yana shekaru gommai, a hankali ya cike da ganye ya zama tudu mai albarka.

Tafki

Amfaninsa a fili yake: ruwa mai yawa da ake gani, na dabbobi, na ban-ruwa, na kifi, na kashe gobara. Idan an samu wuri a saman fili, ruwan zai gangaro lambu da kansa ba tare da inji ba, kuma wannan babbar riba ce.

Abokan gabansa biyu ne, rana da yoyo. A wuri mai zafi da iska, milimita 6 na iya tashi daga fuskar ruwa kullum. A rani mai kwana 200 mita 1.2 ke nan. Tafki mai faɗi mara zurfi zai ƙafe daidai lokacin da ake nemansa. Gara ƙarami mai zurfin mita 3 ko fiye, da bishiyoyi masu tare iska a ɗan nesa, ba a kan bangon ba, don saiwa tana huda shi. Yoyo kuwa sai ƙasar tana da yumɓun da za a daɓe, in ba haka ba sai shimfiɗar roba, mai tsada, wadda kofato ɗaya ke iya hudawa.

Wani lokacin yoyon ne ake nema. A gundumar Alwar ta jihar Rajastan a Indiya, Rajendra Singh da ƙungiyar Tarun Bharat Sangh sun farfaɗo da ƙananan madatsun ƙasa tun daga 1985, ruwan ya riƙa nutsewa yana ɗaga na rijiyoyi, har kogin Arvari da ya daɗe a ƙafe ya dawo da gudu a shekarun 1990. A gabashin Kenya kuma ana gina katanga a gicciye da busasshen rafi, yashi ya taru a bayanta, ruwa ya ɓuya a cikin yashin inda rana da sauro ba sa kai masa. Wanda rafin yashi ya ratsa filinsa ya duba wannan kafin ya yi maganar buɗaɗɗen tafki.

Tafki ne ya fi kowace hanya cin kuɗi a tashi ɗaya, kuma in akwai bango mai tare ruwa, aikin gwani ne. Haɗarinsa ma ya fi: yara na iya faɗawa, don haka shinge wajibi ne; sauro; ciwon tsargiya a yankunan da dodon koɗin da ke ɗauke da ita yake; ɓallewar bango a kan na ƙasa da ku. Ƙasashe da yawa suna da dokar tare ruwa, maƙwabtan da ke ƙasa kuma suna da haƙƙi. Ga lafiyar ƙasa, shi kansa ba ya ƙara komai sai lakar da ake kwasowa daga gindinsa.

Tankin ruwan rufi

Lissafin da ya gabata ya riga ya nuna matsayinsa: na sha ne da girki da renon dashe, ba na gona ba. A arewa maso gabashin Brazil, shirin gina tankuna miliyan ɗaya ya tsayar da lita 16,000 ga kowane gida, don sha da girki kawai a watannin fari. Da aka zo maganar lambu da dabbobi, sai da aka koma gina masu lita 52,000.

A kowace lita, tanki ne mafi tsada. Amma shi kaɗai ke ba da ruwa mai tsabta a ƙofar ɗaki, kuma rana ba ta shanye ruwan cikinsa. Na roba yana da sauƙin kafawa, zafin rana ne ke cinye shi, a sa shi a inuwa. Na siminti ya fi daɗewa idan magini ya iya, in bai iya ba tsagewa zai yi. Kulawarsa ƙanana ce amma ba ta ƙarewa: share indararo, zubar da ruwan farko, raga a kowace kafa, murfi mai nauyin da yaro ba zai ɗaga ba, da tacewa ko tafasawa kafin a sha. Tankin gida ɗaya ya fi na taron jama'a samun wannan kulawar. A kuma juya bakin rararsa zuwa gindin bishiya.

Ban-ruwan ɗigo da tulun binnewa

Waɗannan ba sa kawo ruwa, tattalin wanda ake da shi suke yi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ban-ruwan ɗigo na zamani, wato tiyo mai ƙananan kafofi da ke ɗiga ruwa a gindin shuka, wanda Simcha Blass ya ƙirƙiro a Isra'ila aka fara sayar da shi a 1965, yana kai wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan ga saiwa, alhali malale fili yana zubar da kusan rabi. Bokiti a kan turke mai tsayin mita ɗaya ya isa ƙaramin lambu. Amma kafofin suna toshewa, ɓeraye suna cin tiyon, siririn ba ya wuce shekara biyu ko uku, kuma idan ruwan yana da gishiri, gishirin zai taru a gefen inda ya jiƙe. Tulun ƙasa da ba a shafe shi ba, a binne shi zuwa wuya a rufe bakinsa, yana tsatsar da ruwa gwargwadon bushewar ƙasar da ke kewaye da shi. An rubuta wannan dabarar a Sin fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ta yi wa dashen bishiya da ƙaramin fili, ba ta yi wa babba ba.

| Hanya | Kuɗi | Gumi | Daɗewa | Amfani ga ƙasa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Lulluɓi da taki | kaɗan | matsakaici, kowace shekara | sai an sabunta | mafi yawa | gobara, rigima da masu dabbobi |
| Tassa da rabin wata | kaɗan | mai yawa | damina 2 zuwa 3 | mai yawa a fako | nutsewar shuka |
| Jerin duwatsu ko jema | kaɗan, in dutse na kusa | mai yawa sau ɗaya | shekaru masu yawa | yana hana zaizaya | kaɗan |
| Dogon rami mai ganuwa | matsakaici zuwa mai yawa | mai yawa | shekaru gommai | mai yawa ga bishiyoyi | ɓallewa, zamewar ƙasa |
| Tafki | mafi yawa | aikin inji da gwani | shekaru gommai | kaɗan | yara, cuta, yoyo |
| Tanki | mafi tsada a kowace lita | kaɗan | roba matsakaici, siminti mai yawa | babu | gurɓacewar ruwa |
| Ɗigo da tulu | matsakaici | kulawa kowane mako | gajere | babu, ko tara gishiri | toshewa |

Wa ya dace da wanne

Sababbin zuwa da ba su ga damina ko ɗaya a filin ba: lulluɓi, taki da tanki ɗaya na sha. Kada ku haƙa abin da ba za ku iya cikewa da shebur a yini ɗaya ba sai kun ga inda ruwa ke bi.

Masu fako, da hannaye da yawa amma asusu ba nauyi: jerin duwatsu ko jema daga saman fili, tassa a tsakaninsu, rabin wata inda za a sa bishiyoyi. A fara daga sama. Wanda ya fara daga ƙasa ruwan sama zai share masa aikin.

Masu jigawa: haƙa ba za ta ƙara muku komai ba, ruwanku yana shiga, tsayawa ne ba ya yi. Taki, lulluɓi, inuwar bishiya, da ban-ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai da ɗigo ko tulu.

Masu gangare mai sauƙi da ƙasa mai shan ruwa a hankali, waɗanda gonar itatuwa suke so: nan ne dogon rami ke biyan kuɗinsa. A yi guda ɗaya a sama, da mafitarsa, a ga yadda ya yi da damina kafin a ƙara na biyu.

Masu gangare mai tsanani: a bar rami. Layukan ciyawa da bishiyoyi a gicciye, ko matakala idan akwai gwanin da ya iya.

Masu dabbobi da dogon rani, da yumɓu a ƙasa, da kuɗin gwani da na shinge: tafki mai zurfi, bayan an riga an rufe filin da ke samansa, in ba haka ba laka za ta cike shi cikin 'yan shekaru.

Masu yumɓu mai nauyi a wuri mai yawan ruwa: damuwarku fitar da ruwa ce. Kunyoyi masu tudu, magudanai masu ɗan gangare zuwa tafki, da shukar rufi mai dogayen saiwoyi da za ta buɗe ƙasar.

Jama'ar da mutanenta ke zuwa suna tafiya, babu tsayayyen mai kula: duwatsu, jema da bishiyoyi. Duk abin da ke da matata, famfo ko tiyo a jinkirta shi har sai an samu wanda za a rubuta sunansa a kan aikin.